Waƙoƙin da abokinka ya bari amana ce a hannunka

Assalamu alaikum. Ƙanina, tun daren jiya na karanta tambayarka, inda ka ce abokinka mawaƙi ya rasu makonni biyar da suka wuce yana ɗan shekara 23, ya bar waƙoƙin da ba a sake ba a cikin kwamfutarka, kuma ka kasa sauraronsu ka kasa goge su, yayin da wasu ke matsa maka ka sake su duniya ta ji, wasu kuma ke cewa ka share su don kada su zame masa nauyi a kabari. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Aikina haɗa sauti ne a situdiyo a Kano, kuma halin da kake ciki na taɓa shiga irinsa a shekarar 2019. Wani yaro ne mai fama da ciwon sikila yake zuwa wurina bayan sallar isha'i, saboda a lokacin ne kuɗin ɗaukar murya yake da sauƙi. Allah ya ba shi murya da kunnen jin kiɗa, kuma shi yake rubuta baitocinsa da kansa a cikin littafin makaranta. Mun kammala waƙoƙi shida, ta bakwai kuma ya ɗora baiti biyu, ya ce ranar Asabar zai dawo ya ƙarasa na uku. Ranar Alhamis da asuba aka buga mini waya, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na yi kusan wata huɗu ban buɗe ma'ajiyar da ke ɗauke da sunansa ba. Ranar da na yi ƙarfin halin buɗewa, ba waƙar ce ta karya mini zuciya ba, numfashin da yake ja tsakanin layi da layi ne, da wata magana da ta shiga cikin ɗauka ba da niyya ba, inda yake cewa: "Yaya, a sake, ban ba ta haƙƙinta ba."

Saboda haka kada ka ɗauka imaninka ne ya yi rauni don har yanzu hawaye na zubo maka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Kwana ukun da aka iyakance na zaman makoki ne, ba wanda ya ce zuciya za ta warke a cikinsu. Kuma rashin matashi mai baiwa yana da nasa irin zafin. Da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos a 2015, an yi kuka, amma an san sun sauke abin da ke cikinsu, sun bar taskar da jikoki za su tarar. Amma da Lil Ameer ya rasu a hatsari a Kano a 2017 yana yaro ɗan makaranta, da kuma ranar da El-Mu'az Birniwa ya yanke jiki ya faɗi a wurin wasan ƙwallo a Kaduna a watan Disamba na 2024, abin da ya riƙa cin mutane shi ne tunanin waƙoƙin da ba za a taɓa ji ba. Kai naka ya fi nauyi, domin ka san adadin baitocin da suka rage, wataƙila ma ka san abin da yake niyyar faɗa a cikinsu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, waɗannan waƙoƙi ba naka ba ne, ba kuma na masu yi maka magana a intanet ba ne. Gado ne na iyalansa, kai ajiya kawai aka bar maka. Ko a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, haƙƙin waƙar da mutum ya tsara yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma magada ne ke riƙe da shi. Don haka sakin su ba izini cin amana ne, goge su ba izini kuma ɓarnar dukiyar magada ce wadda ba ta da gyara. Abin da za ka fara yi tun yau, ko da ba za ka iya saurare ba, shi ne ka kwafe komai zuwa wuri na biyu, har da muryoyin da ba a tace ba da kiɗan da ba a ɗora wa murya ba, domin kwamfuta tana iya lalacewa a dare ɗaya.

Akwai kuma abin da masoya kan manta da shi gaba ɗaya, wato bashi. Matasan mawaƙanmu da yawa da waƙar biki suke rayuwa, kuma sukan karɓi kafin alƙalami tun kafin su shiga situdiyo. Da muka bincika wayar yaron nan mai sikila tare da wansa, sai muka tarar ya karɓi naira dubu 40 na waƙar wata amarya wadda bai samu yi ba, ga kuɗin makiɗi da na 'yan amshi biyu da bai biya ba. Ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Mu biyar muka haɗa kuɗin, wasu daga cikin masu bin sa kuma suka yafe da jin labarin. Wallahi, wannan ya fi sanyaya mini zuciya a kan duk hotunansa da aka riƙa yaɗawa da kalaman yabo, waɗanda bayan mako biyu kowa ya wuce su.

Game da masu cewa waƙoƙin za su zame masa nauyi, ba zan raina maganarsu ba, domin tsoron Allah da ƙaunarsa ne suka sa su faɗa. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, ni kuma ba malami ba ne da zan yanke maka hukunci. Abin da muka yi shi ne, bayan wasu watanni na ɗauki kwamfutar na je wurin mahaifin yaron nan, ya kira malamin da yake karatu a wurinsa, aka saurari waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a zaure. Uku daga ciki, har da wadda ya yi a kan wahalar masu sikila, mahaifin ya amince a sake su, ya ce duk abin da aka samu a sa shi a sayen magani ga yara masu irin ciwon, da niyyar sadaka mai gudana. Sauran ya ce a bar su a ajiye, ban kuwa tambaye shi dalili ba. Ta bakwai ɗin wani mawaƙi ya roƙa a ba shi ya ƙarasa baitin ƙarshe, mahaifin ya ƙi, kuma har yau ina ganin ya yi daidai, domin ba wanda ya san inda yaron yake son ya kai maganarsa.

Ina roƙonka kuma ka kame daga shiga muhawarar abin da ya yi ajalin abokinka, ka hana a yaɗa hotunansa na jinya. Kowa ya ga yadda rasuwar mawaƙi Mohbad a Legas a watan Satumba na 2023 ta koma abin cece-kuce har aka tono gawarsa don bincike, iyalansa suna makoki a tsakiyar hayaniyar mutanen da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Idan akwai abin bincike, iyali da hukuma ne za su bi shi.

Kada ka jira sai ka shirya maganar waƙoƙin kafin ka je gaida mahaifiyarsa, domin bayan sadakar arba'in gidan yakan yi tsit, abokan ɗanta duk su ɗauke ƙafa. Mahaifiyar yaron nan mai sikila ba ta nemi ko waƙa ɗaya ba. Da ta ji labarin maganar da ta shiga cikin ɗauka, sai ta ce in yanke mata ita kaɗai, ba kiɗa. Na tura mata a wayarta, tsawonta bai kai daƙiƙa biyar ba. Da na je gaishe ta a ƙaramar sallar da ta wuce, ta ce mini ta sauya waya sau biyu, kuma duk lokacin da za a sauya, wannan muryar ce abu na farko da take sa a kwafe mata.