Amsa: Me ya sa jerin masana bai cika dacewa da zaɓen NHL ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa yaron da masana hokin ƙanƙara suka sa a gaba ba lallai shi za a fara ɗauka ba a zaɓen NHL, wato lokacin da kulob-kulob na babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka ke ɗaukar matasan 'yan wasa bi da bi. Ai jerin NHL Central Scouting ma, wato sashen gasar da ke tantance matasan 'yan wasa, ba ɗaya ba ne, huɗu ne. 'Yan wasan Arewacin Amurka daban, na ƙetare daban, kuma masu tsaron raga na kowane ɓangare da nasu jerin. Kowane kulob kuma yana da nasa lissafin da ba ya nuna wa kowa.

Dubi 2022. Shane Wright ne ake ta kirari, sai Montreal ta ɗauki Juraj Slafkovsky ɗan Slovakia, Wright ya gangaro zuwa na huɗu, Seattle ta same shi. A 2023 kuwa Matvei Michkov ya faɗo na bakwai, ba don rashin iyawa ba, kwantiraginsa da kulob ɗin SKA a Rasha ne ya sa kulob da dama suka ja baya.

Ni dai ban cika damuwa da yawan ƙwallaye ba. Yaro ɗan shekara 17 da ke gogayya da manya a gasar Sweden ya fi burge ni fiye da mai zuba ƙwallaye cikin sa'anninsa. Pavel Datsyuk, wanda daga baya ya zama tauraro a NHL, kada ka manta, na 171 aka ɗauke shi a 1998.