Me ke raba kan ƙungiyoyin ƙwadago?

Malam, ka ce tunda ma'aikata abu ɗaya suke nema, me ya sa ƙungiyoyinsu ke darewa gida biyu? Ana saurin cewa son mulki ne. Akwai shi, amma sau da yawa gardamar ta fi haka zurfi.

Duba Amurka. A 1935 John L. Lewis, shugaban masu haƙar kwal, ya dage sai an tara ma'aikatan masana'anta ɗaya a ƙungiya guda, har da leburori. Manyan AFL kuwa, wato babbar haɗakar ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka a lokacin, sun fi son kowace sana'a da tata ƙungiyar. Daga nan CIO, sabuwar haɗakar su Lewis, ta fito, sai 1955 aka sake haɗewa da sunan AFL-CIO.

A 2005 aka kuma: SEIU, ƙungiyar ma'aikatan hidima, da Teamsters, ta direbobin manyan motoci, suka fice daga AFL-CIO, suka kafa wata haɗaka mai suna Change to Win. Rigimar a kan kuɗin mambobi ce. A zuba su a siyasa, ko a fita neman sababbin mambobi, tunda yawan 'yan ƙungiya sai raguwa yake? Ni ina tare da masu cewa a nemo mambobi, domin ƙungiyar da ba ta da jama'a ba ɗan siyasar da zai saurare ta. Sai dai ficewar ba ta magance matsalar ba, kuma SEIU ta koma a Janairun 2025.

Gyaran da ya fi burge ni na UAW ne, ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin ƙera motoci. Bayan badaƙalar cin hanci, mambobi suka zaɓi a 2021 su riƙa zaɓen shugabanni da kansu, ba ta hannun wakilai ba. Haka Shawn Fain ya ci zaɓen shugabancinta a 2023.