Makullin waya da ajiyar bindiga a gida

Tambaya: Malam, ina da bindigar farauta mai lasisi, kuma akwai yara ƙanana a gidana. An ba ni shawarar in sayi makullin waya, wato na igiyar ƙarfe da ake kulle bindiga da shi. Shin ya wadatar?

Amsa: Makullin waya igiyar ƙarfe ce da aka lulluɓe da roba, wadda ake zurawa ta ramin da harsashi ke shiga, a fito da ita ta ɗaya ɓangaren, sannan a datse da kwado. Muddin tana ciki, bindigar ba za ta rufu ba, balle ta ɗauki harsashi. Sai dai kafin ka saka shi, wajibi ne ka cire gidan harsashi, ka duba da idonka cewa babu harsashi ko ɗaya a cikin bindigar, domin haɗurra da dama daga zaton bindiga babu komai suke faruwa. Kada ka zura wayar ta bayan kunamar bindiga.

A ganina, makullin yana hana yaro ne, ba ɓarawo ba, tunda almakashin ƙarfe yana yanke shi. Saboda haka ka haɗa da akwatin ƙarfe mai kulle, ka ajiye harsasai daban, mabuɗin kuma ya zauna a jikinka.