Ƙananan kifin rafi na ƙarewa: a kwashe su zuwa tanki?

Tambaya: Akwai wasu ƙananan kifaye 'yan asalin wani rafi, tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba. A da ba sa ƙirguwa, yanzu sai mutum ya wuni bai ga goma ba. In kamo ragowar in raina a tanki, in sun yi yawa in mayar da su?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye komar tukuna. In kifi ya ragu haka, galibi ruwan ne ya ɓaci, kuma ko dubu ka ƙyanƙyashe, abin da ya kashe iyayensu yana nan yana jiransu.

Ka bi rafin da ƙafa, musamman da rani. Duba ko laka ta binne tsakuwar da suke zuba ƙwai, ko an sare itatuwan bakin ruwa. In inuwa ta tafi ruwa yakan yi zafi, iskar da ke cikinsa ta ragu, sai ka ga kifin sun taso sama suna haki da asuba. Duba kuma maganin feshi da masu jan ruwa da inji.

Jan ruwan nan ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Nevada ta Amurka akwai ɗan kifin da duk duniya mazauninsa na asali wani rami ne ɗaya mai ruwa da ake kira Devils Hole, kuma a kan wani falalen dutse mara zurfi yake zuba ƙwai. Da rijiyoyin noman rani suka ja ruwan ƙasa, dutsen ya fara fitowa fili, har sai da Kotun Ƙoli ta taƙaita jan ruwan a 1976. Duk da haka a 2013 guda 35 kacal aka ƙirga.

Sai baƙon kifi, wanda ni shi na fi tsoro. Giwan ruwan da aka zuba a Tafkin Victoria na gabashin Afirka a shekarun 1950 na daga cikin abin da ya shafe kusan nau'i 200 na ƙananan dangin karfasa. Baƙo in ya shiga, fitar da shi sai an sha wuya.

Tanki na da ranarsa, amma ajiyar ko-ta-kwana ce, kuma da izinin hukumar kula da kifi ake yi. Kifi kaɗan in suka yi ta haihuwa a tsakaninsu zuriyar raunana take yi, ga shi wanda ya tashi a tanki bai san gudun tsuntsu ba. Abin da za ka fara a wannan makon: zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ka riƙa ƙirga su duk wata, kana rubutawa tare da zurfin ruwan.