Tambaya Da Amsa: Wace Tutar Danmak Zan Saya Na Ɗaura A Ƙofar Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni dai muna zaune ne a wani ƙauye kusa da Aarhus a ƙasar Danmak, bara muka sayi gida sai muka tarar da wata doguwar sandar tuta fara a tsakar gidan, babu komai a kanta. Maƙwabta kuwa ko ranar haihuwar jariri ce sai kiga sun ɗaga tutarsu, har wata tsohuwa ta tambaye ni yaushe zamu fara. Na leƙa intanet naga kala-kala, wata da tsada wata kamar kyauta. Dan Allah wacce zan saya? Kuma zan iya ɗaura ta Najeriya ranar 1 ga Oktoba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri a sabon gida. To kafin ki taɓa katin banki, ɗauko tef ki auna sandar nan tukuna, don su can ba da ido ake sayen tuta ba. Ƙa'idar da ƙungiyar Danmarks-Samfundet ke bayarwa, wadda tun 1908 take kula da harkar tutar, ita ce faɗin tutar daga sama zuwa ƙasa ya zama ɗaya bisa biyar na tsawon sandar. Kenan in sandarki mita 8 ce, ki nemi mai santimita 160, tsawonta kuma zai kama wajen 210. In kika ɗaura ƙarama sai ta zama kamar hankici a kan dabino, in tayi girma kuma iska ta dinga fizgar sandar.

Sai ki lura da siffa. Tutar sunanta Dannebrog, ja ce da farin gicciye wanda ya ɗan matso ɓangaren sanda. Wadda talaka ke ɗagawa ita ce mai kusurwa huɗu, suna ce mata stutflag. Akwai wata mai baki a tsage kamar wutsiyar tsattsewa, splitflag, na san tafi kyau a ido amma ki bar musu kayansu, ta gidan sarauta ce da hukumomin gwamnati da waɗanda aka ba izini.

Maganar yadi kuwa nan ne masu araha ke cin mutane. Irin sharara ɗin nan mai sheƙi da aka buga farin da inji, ta 'yan kallon ƙwallo ce, ki sa ta a waje ta sha iskar yankinku na Jutland da ruwan sama da sanyi, kafin ki ankara bakinta ya zare, jan ya koma kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. Ki nemi poliyesta mai kauri wanda in kin taɓa zakiji kamar yadin auduga, farin kuma ɗinka shi akayi ba bugawa ba, ki juya ki duba ɗinkin bakin da iska ke kaɗawa, don daga nan take fara mutuwa.

Amma gaskiya abin da zai fi ba ki aiki ba sayen bane, saukewar ce. Ba a ɗaga ta kafin ƙarfe 8 na safe, in rana bata fito ba ma sai an jira ta, kuma dole a sauke in rana ta faɗi sai dai in an haska ta da fitila. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu yayi kina wajen aiki, a Yuni kuma rana na nan har wajen 10 na dare kina jin barci. Wanda ya bari ta kwana a sama cewa suke ya ɗaga wa shaiɗan tuta, kuma wallahi tsohuwar nan tana kallo ta taga. Shi yasa zance ki haɗa da vimpel, wata siririya ce doguwa mai tsini, tsawonta wajen rabin sandar, ita tana kwana tana wuni ba ruwan kowa, babbar sai ranar biki. Kar ki bari tutar ta taɓa ƙasa wajen saukewa, in ta tsufa kuma ƙona ta akeyi cikin mutunci, ba a yin tsumman goge-goge da ita.

Kar kiyi mamakin wannan tarairaya, mutanen da suke da labarin wai tutarsu daga sama ta faɗo ranar 15 ga Yunin 1219 lokacin da Sarki Valdemar na biyu ke yaƙi a Estoniya, ai kinga ba zasu ɗauke ta da wasa ba.

Ta Najeriya kuwa, a kan sandar dai a'a. Tun 1 ga Janairun 2025 doka ta hana ɗaga tutar wata ƙasa a sandar tuta, banda na ƙasashen yankinsu irin su Suwidin da Norwe, da Jamus, da wasu 'yan kaɗan da aka ware. In kin matsu sai ki nemi izinin 'yan sanda tun da wuri, in ba haka ba ki rataye koren-fari-koren a falo ki dafa shinkafa ki kira tsohuwar.