Ku Tambaya Mu Amsa: Duwatsun Zamfara, Rairayin Kabi da Abin da ke Ƙarƙashinsu

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan fitowa daga Zamfara da Kabi suka fi yawa, kuma ko da yake kowa da inda ya dosa, tushen amsarsu ɗaya ne. Ƙasar jihohin nan biyu iri biyu ce. Daga Tsafe, Gusau, Maru da Anka har zuwa Zuru da Yawuri, tsohon dutse ne mai tauri a ƙarƙashi. Daga Gummi zuwa Jega, Gwandu, Birnin Kebbi da Argungu kuwa, shimfiɗu ne na yashi da laka da suka kwanta a kan wancan tsohon dutsen. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi masa amfani a kowace amsa.

Wata ɗalibar aji huɗu na sakandare daga Gusau ta rubuto: An koya mana cewa duwatsu iri uku ne, igniyos, sedimentari da metamofik. Na haddace, amma idan aka miƙo mini dutse ban san wanne ba ne. Yaya zan gane?

Ɗiyarmu, kin yi tambayar da ta fi haddar amfani. Abu na farko, kada ki yi wa dutse hukunci da bayansa, domin rana da ruwan sama sun riga sun sauya masa launi. Ki naɗe shi a tsumma don kada ɓarɓashi ya shiga ido, ki fasa da guduma, ki jiƙa sabuwar fuskar da ruwa, sannan ki duba a cikin haske.

Idan kika ga ƙwayoyi masu ƙyalli sun sarƙe da juna, babu layi babu rata, wasu farare ko masu jaja-jaja, wasu garai-garai, wasu baƙaƙe, to giranit ne, dangin igniyos. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa, kuma saboda a hankali ya huce shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami lokacin girma har ido ke ganinsu. Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da ku irinsa ne. Idan kuwa kika murza da babban yatsa yashi ya zubo, kika ɗiga ruwa ya tsotse, to dutsen yashi ne, sedimentari. Na uku, metamofik, shi ne wanda zafi da matsi suka rikiɗa ba tare da ya narke ba. Alamarsa zane-zane ne fari da baƙi masu lanƙwasa, ko kuma ya riƙa tsagewa fallen-fallen yana sheƙi, irin wanda ya yawaita wajen Maru da Anka. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne da sun ga layi sai su ce sedimentari. A'a, ki duba ƙwayoyin: idan mulmulallu ne suna banɓaruwa, ruwa ne ya shimfiɗa su, idan a sarƙe suke sun miƙe gefe ɗaya, matsi ne ya jera su.

Kayan gwaji duk suna gida. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa 10, farcenki yana wajen 2.5, wuƙa da gilashin kwalba wajen 5.5. Farin dutsen ƙanƙara, wato kwaz, 7 ne, shi ya sa yake kartar kwalba. Farin dutsen da ake siminti da shi kuwa 3 ne, wuƙa tana kankare shi. Ki kankaro garinsa ki matsa ruwan lemon tsami: in ya yi kumfa, shi ne. Marmara kuma ki ajiye ta gefe. Ba asalin dutsen wurin ba ce, ragowa ce: damina da rani sun daɗe suna wanke ruɓaɓɓen dutse, suka tafi da abin da ke narkewa, suka bar ƙarfe da alminiyom, tsatsar ƙarfen ce ta ba ta ja.

Wani malamin firamare daga Tsafe ya tambaya: Maƙwabcina ya haƙa rijiyar burtsatse ya sami ruwa a mita 40. Ni tsakanina da shi bai fi taku ɗari ba, an kai mita 90 ko ɗigo babu. Ɗan'uwana a Argungu ya ce su can da wuya a haƙa a rasa. Mene ne dalili?

Malam, Allah ya mayar da alheri, asara ce mai ciwo kuma ta sami mutane da yawa a yankinku. Dalilin yana cikin dutsen. Lafiyayyen giranit ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna. A ƙasa irin ta Tsafe da Gusau, wuri biyu kawai ruwa yake samu. Na farko shi ne ruɓaɓɓen dutsen da ke saman lafiyayyen, wanda kaurinsa yakan kai mita 10 zuwa 30, wani wurin kuma ko mita biyu bai kai ba. Na biyu shi ne tsagogin da ke cikin dutsen kansa. Tsaga siririya ce, tana iya ratsa gidan maƙwabcinka ta kauce wa naka. Kuma yawan zurfi ba magani ba ne, domin nauyin dutsen da ke sama yana matse tsagogin su rufe. Idan garin da injin ke fesowa ya zama busasshe, fari ƙal ko toka-toka, mita bayan mita bai sauya ba, ci gaba da haƙa ƙona mai ne kawai.

Argungu da Birnin Kebbi suna kan shimfiɗar da masana suka sanya wa sunan Gwandu, yashi da laka suna bin juna. Ruwa yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashin, kuma shimfiɗar tana tafiya kilomita masu yawa, don haka duk inda aka huda aka kai ga yashin za a same shi. Inda laka ta rufe yashin ta sama, ruwan yana cikin matsi, da an huda sai ya hauro cikin bututu, har akwai wurare masu kwari a fadamar gulbi da ya riƙa fitowa da kansa ba famfo.

Kafin ka sake kashe kobo, a yi awon ƙasa da lantarki. Ana kafa ƙarafa huɗu a layi, a tura wuta ta biyun gefe, a auna ta biyun tsakiya, sannan a riƙa nisanta na gefen don awon ya ƙara nitsewa. Jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse yana barin wuta ta wuce, lafiyayye yana tare ta. Ka nemi a auna wuri uku ko huɗu a filinka, a ba ka sakamakon a rubuce. Amma ka sani awon yana da makanta guda: yumɓu ma yana barin wuta ta wuce, alhali yana riƙe ruwansa ba ya saki. Shi ya sa ake son mai awon ya san ƙasar garin, ya kuma tambayi zurfin rijiyoyin unguwa.

Bayan samun ruwa ma akwai inda aiki ke lalacewa. Bututu mai tsaga-tsaga dole ya zauna daidai inda ruwan yake, ba a jikin laka ba. A zuba wankakkiyar tsakuwa kewaye da shi, in ba haka ba yashi zai riƙa shiga yana cinye injin. A toshe mitocin farko na sama da siminti don kada ruwan kwata ya bi jikin bututu ya sauka. A nisanta da masai aƙalla mita 30. Sannan a ja ruwan na sa'o'i a jere ana auna yadda yake sauka kafin a sayi injin, domin injin da ya fi ƙarfin rijiya yakan zuƙe ta ya ƙone. Mai haƙa rijiyar hannu kuma ya kammala ta a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu. Wadda aka tsayar a watan Oktoba, ruwan damina ne ya ruɗi mai ita.

Wani ɗalibi daga Gwandu ya ce: Malaminmu ya ce teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato da Kabi. Ina hujja, alhali Legas tana can nesa?

Malaminku ya yi gaskiya, kuma hujjar ana ɗaukarta da hannu. Tsakanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya shigo ta inda Sahara take a yau, ya ja baya, ya sake dawowa. Kowane zuwa ya bar shimfiɗarsa, kamar tabarmi da aka jibga wata kan wata, ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Can ƙasa akwai Gundumi da Illo, na koguna da tabkuna. Sai Taloka, Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina, sai Gwandu a sama, wadda ta kwanta bayan tekun ya tafi. Sunayen duk na garuruwan da aka fi ganin kowace ne. A lakar Dukamaje an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai jan ciki da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A Dange ana samun haƙoran kifaye, dutsen Kalambaina kuma, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ke fasawa, cike yake da ɓawon ƙananan halittun teku.

Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri wajen Nijar. Saboda haka idan ka taso daga Gusau zuwa Sakkwato, kana hawa ne daga tsoho zuwa sabo: manyan duwatsu har Bunguɗu da Maru, bayan Talatar Mafara su ɓace, sai tuddai masu shafaffen kai da marmara a bisa. Ka zauna kusa da taga.

Wani matashi daga Anka ya aiko: Na tsinci dutse mai walƙiya rawaya. Yaya zan san ko zinariya ce?

Yawancin irin wannan tsintuwa farit ne, haɗin ƙarfe da farar wuta, ko kuma fallen maika, wani ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa siriri-siriri. Gwaji uku sun isa. Ka danna da bakin wuƙa: zinariya taushi gare ta, taurinta bai wuce 3 ba, tana lotsewa, farit ya haura 6, sai dai ya farfashe ya zama gari. Ka goga a gindin farantin tangaran inda ba santsi: zinariya tana barin layi rawaya, farit yana barin baƙi mai ɗan kore. Sai nauyi: zinariya ta ninka nauyin ruwa sau 19, farit sau 5 kawai, maika kuwa yawo take yi a cikin kwanon wanki.

Dalilin samunta a wajenku shi ne, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasar nan ta sha matsi mai tsanani, duwatsu suka tsattsage, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin ya daskarar da farar jijiyar kwaz. Zinariyar tana cikin jijiyar, galibi giram kaɗan a cikin tan guda na dutse. Amma ruwan nan bai zo da zinariya kaɗai ba, ya zo da dalma. A nan ne muke roƙonka ka saurara da kyau. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar dalma. Ba a rami suka sha ta ba, a gida ne: ana kawo dutse ana daka shi a turmi ko a niƙa busasshe a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta ruɓewa, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Idan ka ga dutse mai nauyi, launin toka mai sheƙi, yana fashewa murabba'i-murabba'i, galina ke nan, uwar dalma. Kada dutsen rami ya shigo gida ko da na ado ne, kada a niƙa shi a injin hatsi, wanda ya yi aikinsa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro. Ƙona zaiba don fitar da zinariya ma hayaƙinsa guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ɗalibi ba shi da abin nema a bakin rami. Samfurin da kake bukata don karatu yana gefen hanya da gaɓar rafi.

Wata ɗaliba daga Zuru ta tambaya: Me ya sa ba ma jin girgizar ƙasa irin ta Turkiyya da Japan?

Ɓawon duniya ba guda ba ne, manyan ɓangarori ne da ke motsi santimita kaɗan a shekara. Kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi wajen kilomita 30 zuwa 50 ne, alhali daga nan zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Manyan girgizoji suna faruwa ne a bakin ɓangarorin, inda suke gogayya ko wani ke nitsewa ƙarƙashin wani, kuma Turkiyya da Japan a irin wannan baki suke. Mu muna tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da gefensa. Duk da haka tsofaffin tsagogi sukan ɗan motsa, kamar yadda aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018. Idan bango ya tsage a Zuru, a fara duba harsashin ginin: baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma ita ce ta fi tsaga gidajen da aka ɗora a kanta ba tare da an haƙa an wuce ta ba.