Hukuncin yaɗa labarin fagen daga

Tambaya: Malam, ina da shafi a Facebook da nake kawo labaran yaƙin Borno. Wani abokina ya ce in na sa labarin an kashe sojoji ko na soki kwamandoji, ina kashe wa jama'a gwiwa, kuma zunubi ne. Haka abin yake?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, maganar abokinka tana da tushe, amma ba ta game kowane labari ba.

A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, aka ce Banu Ƙuraiza, wata ƙabilar Yahudawan Madina, sun warware alkawarinsu da Musulmi. Manzon Allah (SAW) ya aiki Sa'adu bin Mu'azu da Sa'adu bin Ubada su bincika. Ya ce in gaskiya ne su yi masa zaurance, kada su raunana zukatan mutane, in kuwa alkawari na nan su faɗa a fili. Ka lura, labarin gaskiya ne, duk da haka aka hana shelanta shi, domin maƙiya suna bakin ramin da aka haƙa don kare Madina. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ma ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro ba su mayar da shi ga masana al'amarin ba.

Saboda haka haramun ne ka bayyana inda dakaru za su bi, ko ranar da za su kai farmaki. Haka bidiyon da ba ka tantance ba, wanda sau da yawa tsoho ne ko na wata ƙasa. A Uhudu, jita-jitar cewa an kashe Annabi ta girgiza mazajen da takobi bai girgiza ba.

To amma abin da ya faru a ƙauyen Tudun Biri fa? A Disamban 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu maulidi a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Wannan ba sirrin yaƙi ba ne, jinin bayin Allah ne, faɗinsa kuwa shaida ce, kuma aya ta 283 a Baƙara ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Haka cinye kuɗin makamai ko haƙƙin ƙananan sojoji: in akwai hujja, halal ne ka faɗa, wani lokaci ma wajibi. A ganina rufa-rufa ta fi labari zubar da ƙimar kwamanda, don mutanen ƙauye sun san wanda suka binne.

Ka soki aiki da hujja, ban da zagi. Kar ka kira sojan da ya ja da baya matsoraci, kar kuma ka sa hoton gawarsa, mahaifiyarsa na iya gani.

Wallahu a'alam.